Na Kai Motar Baba Argungu Ta Yi Damina

Sallar asuba kawai muka jira, ni da bakanikena, muka tashi daga unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi. Abin da ya fito da mu shi ne kai tsohuwar motar marigayi Baba gidan yayana a Argungu, ta yi damina a can. Motar nan ta girmi 'ya'yana duka, ina zargin har da wasu titunan garin. Ba na hawanta sai da salla ko ɗaurin aure, babur ya ishe ni zuwa ofis. To amma tsakar gidana kwari ne. Bara ruwa ya shigo har ya taɓa kujerunta. In ya sake samunta bana, sai dai 'yan gwangwan su zo da sikeli, kuma ita kaɗai ce abin Baba da ya rage a hannuna.

Bakaniken mutumin kudu ne, amma ya daɗe a Kebbi har Sakkwatancinsa ya fi nawa gishiri. Ya ɗaura mata batir, ta yi tari uku ta tashi. Da na sauke birkin hannu na sa giya, sai ta turje kamar akuyar da za a kai kasuwa. Wani abu ya ce ƙwas a baya, sannan ta motsa.

"Alhaji, tun yaushe birkin ga yake jaye?" in ji shi.

"Tun ƙaramar salla, Injiniya. Don kar ta gangara."

Ya kalle ni ya girgiza kai. Da ma zagina ya yi.

Mun sha mai a bakin gari, kuɗin lita sai da ya sa na cire hula na yi fifita. Na kuma cika galan guda na jefa a but, don ma'aunin man motar ya daina faɗin gaskiya tun Baba na da rai. Hanya ba laifi. Manoma sun fito da shanun huɗa, fadama ta fara kore. Sai dai gabanmu hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ga shi abin share gilashin motar ya daɗe da yin ritaya.

Mun wuce Ambursa kaɗan sai na ji ƙauri. Na ce wani ke ƙona shara. Bakanike ya leƙa ta taga ya ce, "Tsaya. Yanzu."

Hayaƙi ne ke fita daga tayar baya. Ashe birkin da na bari a jaye wata biyu ya yi tsatsa, bai saki duka ba, tun daga gida yake gugar ƙarfe. Tsakaninsa da galan ɗin fetur bai fi taƙi biyu ba. Ban san lokacin da na buɗe but na sungumi galan ba. Ni da ko hawa babur sai na yi nishi, ranar na yi gudun da tumbina ya riga ni isa gona. Na dawo na ɗauko jarkar ruwa a mota zan kwara wa tayar, bakanike ya riƙe mini hannu.

"Kak ka zuba. Ƙarhen na iya tsagewa, kuma irinai ba shi kasuwa yanzu. Bari shi huce da kainai."

Haka muka tsaya muna kallon hayaƙi, iska mai sanyi tana kaɗa mana riga. Wata dattijuwa a bakin hanya ta sayar mana da ƙosai na ɗari biyar. Na ci, amma da tsakuwa ta ba ni ma ba zan gane ba. Da ƙarfen ya huce bakanike ya ɗaga motar, ya cire taya, ya yi ta bugu da guduma har birkin ya saki. Muka ci gaba a hankali, har mai amalanken shanu ya yi mana sannu ya wuce.

Muna shiga Argungu ruwa ya tsuge. Na fito da kai ta taga ina tuƙi, ruwa na marina, lungun gidan Yaya ya fara zama gulbi. Niyyata in cusa motar a siton shinkafarsa in naɗe ta da tamfol. Yaya, manomin shinkafa da albasa, ya tare ƙofa da lema. Na faɗa masa niyyata, ya ce:

"Cikin shinkahwa? Ɓeraye su cinye wayoyinta kwana bakwai? Wuce da ita rumhwa. Mota da albasa duk ɗaya na. A ɗaga ta bisa, a ba ta iska. In ka ƙulle ta cikin leda, gumi za ta yi ta ruɓe."

Rumfar albasarsa ce ya share mata, a kan tudu. Muna shiga injin ya mutu. Muka ɗora ta kan bulo, aka cire batir, aka juye galan a tanki, aka toshe salansa da tsumma, aka lulluɓe ta da tsofaffin zannuwa. Birkin hannu kuwa bakanike da kansa ya tabbatar yana ƙasa.

Bayan tuwon shinkafa da miyar kifi na fito in yi sallama, sai na tarar Yaya ya ɗage zane ya zauna a kujerar direba, hannu biyu a kan sitiyari. Na lallaɓa na koma da baya.

Da la'asar motar haya ta sauke mu gida. Abin da na koya shi ne, ajiyar tsohuwar mota ba ɗaurewa tamau ba ce, kuma shekaru ina riƙe da ita kamar ni kaɗai aka yi wa rashi. Ina cire takalmi Yaya ya kira. Ya tambayi hanya, sannan ya ce, "In kaka ta yi ka zo ɗaukarta, ka bari in ja ta ko zuwa bakin gulbi."

Na ce, "Yaya, makullin ma yana wurinka."