Wadda Na Shayar Ba Ita Ba Ce

Na yi rainon 'ya'yan mutane a Jimeta shekaru da yawa, wasu ma fuskarsu ta ɓace min. Amma akwai mako guda da ko tsufa ya kwashe min komai, ina jin shi zai rage min na ƙarshe. Makon ke nan da na kusa kashe auren yara biyu da na goya a bayana, ba don mugunta ba, sai don zafin zuciya irin nawa.

Tun kafin a samu 'yancin kai nake wannan sana'a. Gidanmu na Nassarawo yana da tsakar gida mai faɗi, sai matan da ke fita aiki ko kasuwa su kawo min yaransu da safe, su ɗauka da la'asar. Kowa Dada yake ce min, har iyayen yaran. A lokacin ina goyon autana, nono kuwa Allah ya ba ni har yana jiƙa min riga.

Cikin masu kawo min yara akwai mata biyu. Ɗaya mai kifi ce, tana ƙetare Binuwai a kwalekwale zuwa wajen Damare ta saro banda, ɗanta namiji bai wuce wata biyar ba. Ɗayar malama ce, Bafulatanar Yola Gari, mijinta akawu, ita kuma tana koya wa matan aure karatu a ajin yaƙi da jahilci. 'Yarta ta fari take kawo min, wata 'yar siririya mai manyan idanu. Matan biyu gaisuwa kawai ke haɗa su a ƙofar gidana.

Wata rana da damina ruwa ya cika, masu kwalekwale suka ƙi tasowa daga ƙetare. Ɗan mai kifi ya yi ta kuka tun azahar har muryarsa ta dishe. Na ba shi koko ya furzar, na goya shi ya ƙi. Da na ga zai shiɗe, na ɗaga riga na ba shi ya sha ya yi barci. 'Yar malama kuwa ba sau ɗaya ba ne. Kullum tana tsotsar hannu, kukanta ma babu ƙarfi, ni kuma ba na iya kallon yaro da yunwa alhali ina da abin ba shi. Ban tambayi iyayensu ba, ban kuma gaya musu ba. Na san hukuncin addini sarai, cewa yaran da suka sha nono ɗaya sun zama wa da ƙanwa, babu aure tsakaninsu. Amma wa yake tunanin aure yana kallon jariri cikin tsumma?

Asirina ya tonu ranar da mai kifi ta dawo da wuri ta tarar da 'yar malama a ƙirjina. Ta sauke kwandonta a hankali ta ce, “Har da nawa?” Na ce e, ranar da ruwa ya tsare ki. Nan fa ta hau ni, ni ce na ce ki ba shi, kin san abin da kika ƙulla? Ni ma ban raga mata ba, na ce da in bar shi ya mutu kina can kina cinikin tarwaɗa? Maƙwabta suka taru. A gabansu ta ce min mai raba nono kamar kunun sadaka, ta saɓi ɗanta ta fita. Ba a yi wata biyu ba aka mai da mijinta Bauchi, suka tashi. Maganar nan tata kuwa ta zauna min a wuya, ta ƙi wucewa.

Bayan 'yan watanni ƙyanda ta shigo gari ta ɗauke 'yar malama. Na yi kuka kamar ni na haife ta, sannan na kulle bakina gam. Tsoro nake ji kada a ce nonona ne ya kashe ta, don a wancan zamani ba wuya a ce nonon wance ba shi da kyau. Malama ta sake haihuwar mace, aka mayar mata da sunan marigayiyar, tunda dama sunan kakarsu ne. Ba ta kawo min ita ba sai da aka yaye ta, ta shigo gidana da ƙafafunta. Ita ma na raine ta har ta shiga makaranta, daga baya suka koma gidan gado a Yola Gari.

Aka kwashe shekara ashirin da ɗoriya da faɗanmu da mai kifi. Muna ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas lokacin, kowa maganarsa Maiduguri. Na ji labarin yarinyar malama ta gama makarantar horon malamai, an sa mata rana da wani malamin makaranta, wai iyayensa daga Bauchi suka dawo. Na yi murna, har na sayi atamfar da zan ɗaura. Ko kaɗan ban kawo a raina cewa ɗan mai kifi ne ba.

Saura kwana goma ɗaurin aure, ina tsakar gida ina ba wasu 'yan biyu fate, sai na ji sallama. Mai kifi ce. Ta yi ƙiba, ta je Makka har da haƙorin zinariya, amma muryar ba ta sauya ba. Ko zama ba ta yi ba ta ce, “Dada, magana na zo yi a kan nonon nan.” Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce shekara ashirin ba ki gaji ba? Kin dawo ki ƙarasa zagin da kika fara? Ta ce in saurara, tambaya ɗaya ce. Na ce babu tambayar da zan amsa mata, ta tafi ta tambayi masu kunun sadaka. Na nuna mata ƙofa da ludayin da ke hannuna. Ta dube ni ta ce, “Shi ke nan, na ji amsarki.” Na koma na zauna ina jin daɗi, wai yau na rama.

Ashe daga gidana gidan su yarinya ta aika. Ta ce da idonta ta ga 'yarsu a ƙirjina, ɗanta ma ya sha, ta kuma je ta tambaye ni ban musa ba. Aka dakatar da aure. Ni ina nan ban san komai ba, ina ta ba maƙwabta labarin yadda na kori tsohuwar abokiyar gabata.

Rana ta uku da hantsi sai ga amaryar da kanta. Ta yi zuru-zuru, lalle ma ba a kai ga sa mata ba. Ta zauna a bakin tabarma inda take zama tana ƙarama, ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta. Can ta ce, “Dada, da gaske ne ni ƙanwarsa ce?” Na ce ƙanwar wa? Da ta faɗa min angon ɗan mai kifi ne, sai na gane ɓarnar da na yi. Ta ce ita ba faɗa ta zo yi ba. In gaskiya ne za ta haƙura, don ba za ta saɓa wa Allah ba, amma tana so ta ji daga bakina. Tana faɗa hawaye na zuba, ba ta ko share su.

Na riƙe hannunta na ce, “Ke ba ki taɓa shan nonona ba, ko ɗigo.” Ta ce to me ya sa Hajiya ta ce ta gani? Yarinyar nan ba ta san ma an yi wata kafin ita a gidana ba, don uwarta ba ta taɓa ɗaga zancen ba. Marigayiyar 'yar fari ce, wadda ko tana raye kunya ba ta barin Bafulatana ta kama sunanta, balle ta rasu. Na ce mata ta koma gida, gobe ina zuwa.

Abu biyu ne a gabana, kowanne ya fi ɗan'uwansa ɗaci. Sai na je na durƙusa wa matar da na kora da ludayi, sannan in je in gaya wa malama abin da na ɓoye mata shekara ashirin. Na fara da mai kifi. Na same ta a gidansu bayan kasuwa tana tsintar shinkafa, ta amsa sallamata a daƙile. Na ce, “Hajiya, na yi miki rashin hankali, ki yafe ni. Yanzu yi tambayarki.” Ta ce ai ta riga ta samu amsa. Na ce ba ki samu ba. Wadda kika gani a ƙirjina ta rasu ba ki cika shekara da tafiya ba, wannan ƙanwarta ce. Ta saki faifan, shinkafa ta watse. Ta ce, “Innalillahi. Suna ɗaya fa, Dada.” Na ce mayar mata aka yi. Sannan ta ce kwana uku ɗanta bai ci abincin kirki ba, ita ma ba son raba su take yi ba, tsoron Allah ne ya kai ta gidana. Sai a lokacin na gane matar nan ba zagina ta zo yi ba ranar, taimako ta zo nema.

Washegari muka shiga mota ɗaya zuwa Yola Gari, kujera ɗaya, kowa na kallon tagarsa. Gidan tsoho ne, zaure bayan zaure. Aka kira Modibbo, baffan uban yarinya, malamin da duk dangin ke jin maganarsa. Ya zauna a kan buzu, mu mata muna gefe, malama tana can ƙarshen tabarma ta ja mayafi har goshi. Gaisuwata ma da kai ta amsa.

Na faɗi komai, ban rage ba. Da na zo kan cewa wadda na shayar tana makabarta, malama ko motsi ba ta yi ba. Modibbo ya tambaye ni yaushe aka kawo min ta biyun. Na ce makon da aka samu 'yancin kai, don ranar autana ya dawo daga makaranta da 'yar tuta a hannu, ita kuma ta bi shi da gudu tana son ƙwacewa. Ya ce wato autan da kike goyo a da har ya shiga makaranta? Na ce e, Allah gafarta Modibbo, nonona ya daɗe da ƙafewa, ban kuma sake haihuwa ba. Ya juya ga malama ya tambaye ta ko an yaye yarinyar kafin a kai ta. Ta ce, “An yaye ta.” Ya tambayi mai kifi shekarar da suka tashi, ta faɗa. Ya yi lissafi da yatsu, sannan ya ce haramcin yana kan wadda ta sha ne, ba ya ƙetarawa kan ƙanwarta, a ci gaba da shirin aure. Daga cikin gida na ji wata ta soma guɗa aka toshe mata baki. Mai kifi ta matse hannuna har ya yi min zafi.

Ni dai ban saki jiki ba, don malama ta tashi ta ce in biyo ta ɗaki. Na bi ta ina jiran a ce na kashe mata 'ya. Ta sakaya labule, ta zauna a bakin gado, ba ta dube ni ba. Ta ce, “Dada, in kin ba ta, tana ƙoshi?” Na ce tana ƙoshi, har barci take yi da nonon a bakinta, in na zare ta yi murmushi. Sai ta rufe fuska da tafin hannu. Ta ce tun yarinyar tana wata uku nononta ya ɗauke, kunya ta hana ta gaya wa kowa, har mijinta. Duk shekarun nan tana ɗauka da yunwa 'yarta ta koma ga Allah. Ta ce da aka kawo maganar nan ta yi zargin wadda ake nufi, amma bakinta ya kasa. Muka zauna muna kuka mu biyu, tsofaffin banza, ana can waje ana neman mai lalle.

An ɗaura auren a ranar da aka sa tun farko. Ni da mai kifi ba mu zama aminai ba, kada in yi ƙarya, amma har ta rasu ba ta wuce ƙofar gidana ba ta leƙo ba.

Daga ranar ban sake yi wa ɗan kowa wani abu ba, ko alheri ne, sai na gaya wa uwarsa. Na kuma koyi cewa in wanda kuka taɓa ɓatawa ya dawo ƙofarki, ki ba shi tabarma ki bari ya kai ƙarshen maganarsa, don ba lallai tsohon faɗan ne ya kawo shi ba. Ni da na ƙi sauraren tambaya ɗaya, yara biyu suka kwana uku suna zaton sun haramta ga juna. Shirun da na yi don in tsira da mutuncina kuwa, wata uwa ce ta biya shi, shekara ashirin tana zaton ta bar 'yarta da yunwa.