Tabarmin da Kawu Ya Naɗe

Jiya na hango wani Bature yana ɓare gyaɗa a Unguwar Sarki, sai Kawu ya faɗo mini a rai, da ƙamshin turare da warin man inji da ba sa barin rigarsa.

Yana da aboki Bature, mai haƙa rijiyar burtsatse. Kullum la'asar suna kan benci ɗaya a garejin Kawu suna ɓare gyaɗa. Maƙwabta sukan tsokani Kawu: "Alhaji, aboki yake kiranka ko makanike?" Sai ya ce, "Ku tambaye shi mana."

Da matar Baturen ta rasu, Kawu ya kwashi mutanen layinmu da tabarmi da kulolin tuwo, muka tafi zaman makoki. Baturen ya leƙo, idanunsa jajir, ya ce a bar shi shi kaɗai. Kawu ya naɗe tabarmi da hannunsa. A hanya wani ya ce, "Alhaji, ka ji amsa." Daga ranar ba su ƙara zama tare ba.

Bayan shekaru Kawu ya rasu. Baturen ya zo yana dogara sanda, ya cire takalmi, ya zauna cikin mutane har aka watse.

Allah Ya sanyaya makwancin Kawu.