Saƙon Baturiya ga Surukina

Shekara tara na yi ina koyar da Turanci a wata sakandare a Kusada kafin tunanin fita waje ya shige ni. Ba wani babban dalili ba ne. Wani abokin karatuna ne ya turo hotonsa daga Turkiyya, sanye da rigar sanyi, a gaban wani aji tsaf-tsaf mai ɗalibai ƙalilan. Na san iyakar Turancinsa, don ni nake duba masa rubutu a kwaleji. Ƙyashi ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Na yi wata takwas ina aika takardun neman aiki. Yawancin makarantun ko amsa ba sa yi. Waɗanda suka amsa sukan ce suna son wanda ya tashi da Turanci tun a nono. Daga ƙarshe wata makaranta a Turkiyya ta rubuto. Shugabar sashen Turancinsu, wata Baturiya, za ta gana da ni ta bidiyo na minti ashirin, in koyar da ita darasi kamar ita ce ɗalibar. Mu uku muka rage, gurbin kuma ɗaya ne.

Ban gaya wa kowa ba sai matata. A wajenmu ba a tallar tafiya tun ba ta tabbata ba, saboda baki. Sai mutum ya sa ƙafa a mota ake jin labari.

Sabis ɗin gidanmu ba abin dogaro ba ne, don haka ranar na hau babur zuwa Kankia, shagon wani abokina mai buga takardu. Ya ba ni ɗakin baya da kwamfuta. Shi ma ce masa na yi wani ɗan aiki ne kawai. Na ajiye babur a bakin ƙofa, da jar rigar kujerar da matata ta ɗinka masa, wadda duk danginta sun sani. Surukina kuwa, mahaifinta, a Kankia yake, dattijo ne mai sayar da hatsi, kuma ta wannan layin yake bi zuwa rumfarsa. Niyyata in na gama in je in gaishe shi.

Ganawar ta fara da kyau. Na zaɓi darasin ciniki a kasuwa, ina mai tumatir tana mai saye. Sau biyu na sa ta dariya. Muna wajen minti na goma na ji sallama a bakin labule, muryar da na sani sarai, mai shago kuma yana cewa, "Yana ciki, Baba."

Na sha tunanin abin da ya kamata in yi. Ɗaga hannu kawai ya isa, in ce ina zuwa. Amma jikina bai shawarce ni ba. Kafin in ankara na zare abin kunne, na tuɓe takalmi, na durƙusa a ƙasa. Abin da Baturiya take gani daga can, kujera ce babu kowa da bangon da fentinsa ya ɓare.

"Malam, ashe kana garin? Na hangi babur, na ce wannan na gida ne."

"Yanzu na shigo, Baba. Ina kwana?"

"Lahiya lau. Ina mutanen Kusada? Ina gajiya? Ɗiyar tawa fa, da 'yan jikokina?"

Na amsa ɗaya bayan ɗaya, kaina a sunkuye. Ya tambayi jikin mahaifiyata. Ya tambayi gonarmu ta Dudunni, ko waken ya yi fure, ko tsutsa ta shiga. Ba a katse suruki, ba a kuma miƙewa yana tsaye. Can ya leƙa kwamfutar.

"Wannan kuma mi take yi nan?"

"Aikin makaranta ne, Baba."

Ya ɗaga mata hannu, ta ɗaga masa. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai, sai ya ɗora addu'a, doguwa, ni da mai shago muna amin. Da na koma kujera saura minti uku. Na ce mata mahaifin matata ne. Ta ce ta fahimta, amma na gaba yana jira.

Bayan kwana uku saƙonta ya zo. Sun ɗauki wani. Ta yaba darasin, iya abin da ta gani. A layin ƙarshe ta ce in gaishe mata da dattijon nan.

Na ji haushi sosai, kuma na rasa wanda zan ɗora wa. Matata ta ce da na ɗan yi masa alama da hannu. Sai kuma ta ce a'a, da ta ji na yi haka da ba ta sake kallona da daraja ba. Muka bar maganar a nan. Na ci gaba da aika takardu har na gaji, ban sake kaiwa matakin ganawa ba. Har yau ina Kusada da allina.

Shi kuwa surukina labari ya samu. A wajen suna, a wajen ɗaurin aure, duk inda aka taru sai ya kawo shi: yadda surukinsa yana tsakiyar magana da Baturiya, ya watsar da ita ya durƙusa. Kowace shekara labarin yana ƙara tsawo. Samari aka riƙa yi wa faɗa da ni. Bai san me ake yi a ɗakin ba, ban kuma ga amfanin ya sani ba. Gaisuwar ma ban isar ba, don isar da ita sai da bayani.

Bara da damina ya kwanta ciwo, muka je duba shi. Ya rame, muryar ta yi ƙasa. Bayan mun gaisa ya dube ni ya ce, "Malam, Baturiyar nan taka, kuna jin juna kuwa?"

Shekara huɗu ke nan saƙon yana hannuna. Na ce, "Ta ce in gaishe ka, Baba."

Ya yi murmushi ya gyara kwanciya. "Ina amsawa," ya ce. "Ai na ga alama tana da tarbiyya."