Jarkar da ba ta ƙarewa

Shekarun baya, lokacin muna Rikkos, ƙanin mahaifiyata da ke fataucin shanu ya dawo daga wata tafiya da jarka cike da ruwa. Ya ce daga wani marmaro ya ɗebo, wanda ke ɓuɓɓugowa da zafinsa daga cikin dutse, kuma mutanen wajen sun rantse maganin ciwon gwiwa ne. Hajiya mahaifiyata kuwa gwiwa ta daɗe da hana ta sakat. Kullum da safe sai ta sha kofi guda, ta shafa saura.

An fi shekara ana haka, sai na lura hannunta na rawa in ta ɗauki kofin shayi. Na ba abokina labari, wanda ke aiki a ɗakin gwajin ruwa. Ina zuwa kan jarka fuskarsa ta canja.

Ya ce, "Oga, sha take yi? Ruwan zafi in ya ratsa duwatsun ƙarƙashin ƙasa yakan narko abubuwa, wani har da zaiba, ƙarfen nan mai guba. Ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano a ciki. Ba kowane marmaro ba, amma in akwai, a hankali take taruwa a jiki. Kuma rawar hannu na cikin alamunta."

Ni da ko allura ba na iya kallo, ranar na zama likitan gida, ina bin Hajiya ina cewa ta miƙo hannu in gani. Ta ce, "Kai, tafi can, ni ka mayar abin kallo?" Da ƙyar ta bari na ɗebi ruwan a gora, tana cewa kar in ɓarnatar mata.

Kwanakin da na yi ina jiran sakamako, abinci ma ba ya min daɗi.

Da abokina ya kira, dariya ya fara yi. Ya ce babu zaiba. Ya ce ruwan marmaro mai zafi yakan zo da gishiri-gishirin dutse da warin farar wuta, wannan kuwa bai ga bambancinsa da na rijiya ba.

Na koma gida na tambayi Hajiya. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"To da ka ɗauka jarka ɗaya ce za ta kai shekara? In ya yi rabi sai in cika da na rijiya, yadda muke yi wa Zamzam. Ai albarkar ba ta fita."

Na zauna a bakin gadonta ina dariya, hawaye na zuba. Rawar hannun ma, da muka je asibiti, likita ya ce maganin asma da take sha ne ke jawo ta, aka canja mata, rawar ta tafi.

Har yau in na ji ana yabon ruwan wani marmaro, nakan ce a kai a gwada kafin a sha, don mu sa'a muka ci. Hajiya dai ba ta yarda da maganar sa'a ba. Jarkar na nan a bayan ƙofarta, cike taf, kuma ta ce gwiwa ta yi sauƙi.