Murhuna a ƙauyen bayan Kiyawa

Muna sallame sallar asuba muka tashi daga Dutse, ni da mata biyu: ƙanwar maiɗakina mai koyarwa a Islamiyya, wadda muke kira Malama, da wata tsohuwar ungozoma ta unguwarmu. Ni walda ce sana'ata. Wata ƙungiya mai hana sare itatuwa ta sa na ƙera murhun ƙarfe, aka raba a ƙauyuka, yanzu kuma suna son ƙari. Ƙarfen yana jibge a shago. In na yanka shi a kan fasalin da bai yi ba, na yi asararsa, don yankakken ƙarfe ba ya komawa. Shi ya sa na ce sai na san yadda na farkon ya yi. Ni kuwa ƙato, wa zai bar ni in shiga madafin matarsa?

A tasha aka zuba mata baya, maza gaba, kamar yadda ake yi tunda aka fara maganar shari'a. Kuɗin mota ya ƙaru, direba ya ce a hannun 'yan bumburutu ya sha mai. Ban yi musu ba, na gaji da musu da direbobi. A Kiyawa muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ya sha barkono. A nan bakin benci na yi musu karatu.

Na ce, "Kada ku ce ni na ƙera. Kada ku tambaya ko yana da kyau. Ku roƙi matar gida ta ɗora girki, ku zauna ku zuba ido."

Ungozoma ta ce, "Malam, ni da na karɓi haihuwar rabin unguwa za ka koya wa shiga gidan mutane?"

Na ce, "Iya, shiga kin iya. Shirun ne ban sani ba."

Daga nan muka hau a-kori-kura, hanya duk yashi da rami, gero ya fara fitar da kai dama da hagu. Wani dattijo ya rungume akuyarsa kamar jaririya har muka sauka.

A gidan farko aka ajiye ni a zaure, aka kawo fura da nono mai kauri, irin wadda ba a samu a Dutse. Maigidan ya yi ta yabon murhu, alhali ko ashana bai taɓa ƙyasta masa ba. Malama da Iya suka fito da murmushi, wai an ce madalla, Allah ya saka. Na tambaya ko sun ga wuta a ciki. Suka ce a'a. Ashe an wanke shi tas an kawo musu tsakar gida, kamar kayan ɗaki.

Gida na biyu ya fi ba ni haushi. Malama ta ga matar ta cusa kara da yawa, sai ta hau yi mata darasi. Iya kuwa ta karɓe muciya ta yi tuƙin da kanta. Na ce musu yau mun zo koyo ne, wanda ya gyara wa matar gida hannu ya ɓata mini tafiya. Malama ta ɓata rai ta ce, "To Yaya, mu zama gumaka ke nan?" Na ce ƙwarai.

A gida na uku suka daɗe har na fara gyangyaɗi. Da suka fito, Malama ce ta riga magana. Ta ce matar ta yi talge a kan murhuna lafiya lau, itace kaɗan, hayaƙi kaɗan. Amma da aka zo tuƙi, sai ta sa tsumma ta sauke tukunya ta mayar kan duwatsu uku, tana ta hira abinta, ba ta ma lura ta yi ba. Iya ta ce sai a lokacin ta tambaye ta dalili. Matar ta ce, "Ai rawa yake yi. Ya yi tsayi, kuma ba inda zan taka in danne." Muka ƙara gida biyu, duk haka.

Da la'asar muka juyo. A mota Malama tana ta lissafa abin da ta gani wanda ban ma aike ta ba, har da inda yara ke ƙona ƙafa. Iya ta yi barci.

Mun shigo Dutse ana kiran magariba, ƙashina duk ciwo, amma raina fes. Ƙarfena yana nan ban yanka ba. Ƙafafun murhu za su gajarta, gindi ya yi faɗi, a sa wurin takawa. Abin da na koyo shi ne, mutumin da ka ba kyauta bakinsa zai ji kunyarka, hannunsa kuwa ba ruwansa. Kuma ba sai mutum ya iya walda zai gano wannan ba, ya dai iya zama ya yi shiru.

Da na shiga gida na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna a bakin madafi. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, ko lafiya?"

Na ce, "Ke dai tuƙa."