Uwar Shafi da Rijiyar Unguwarmu

Daga Allah muke, kuma gare Shi makoma take. Da hantsin Laraba, tara ga watan nan, ina tsakiyar darasi a makarantar makafi inda nake koyarwa, ƙanenki ya kira ni ya ce kin cika, bayan jinyar mako uku. Na mayar da wayar aljihu na ƙarasa darasin, amma har yau ban san abin da na koyar ba.

Ke ce mai kula da shafin intanet na ofishin bayanan gwamnati, inda ake wallafa alƙaluma don jama'a. Uwar Shafi abokan aikinki suke ce miki. Ni kuwa da faɗa na fara saninki, shekara shida da suka wuce.

A lokacin gudawa ta addabi yaran unguwarmu, har da 'yata ta fari. Na ji an gwada ruwan rijiyoyi an sa sakamakon a shafinku. Na buɗe shi da manhajar da ke karanta mini rubutu a waya, sai ta yi ta cewa "hoto, hoto", domin hoton takardun aka ɗauka aka liƙa. Na ɗauki sandata na hau benenku ina huci. Na ce miki, "Hajiya, kun ce kun buɗe wa kowa ƙofa. Mu makafi ta taga za mu shiga?"

Ba ki kare kanki ba. Kika jawo mini kujera, kika ce, "Malam, na kashe allon kwamfutar. Koya mini yadda kake yi, ni ma in nemo rijiyar taku da kunne." Kusan awa guda kina lalube, ba ki same ta ba. Daga ƙarshe kika kunna allon, kika karanta mini da bakinki: rijiyar bayan makaranta gurɓatacciya ce, kuma sakamakon ya yi wata biyu a shafin. Da yammacin ranar muka rufe rijiyar da kwanon rufi, 'yata kuma Allah Ya ba ta lafiya.

Daga nan kika sa aka sake ginin shafin tun daga tushe. Kika tara mu duk ranar Alhamis a ɗan ofishinki mai fanka mai ƙara: ni, da wata tela kurma, da wani direba da ba ya bambance ja da kore, da wata gwaggo mai sayar da kayan miya wadda ba ta taɓa shiga aji ba. In ɗayanmu ya kasa gane abu, sai ki ce laifin shafin ne, a sake. Durowarki cike take da tsofaffin wayoyi masu fasasshen gilashi. Muna tsokanarki da cewa gyaran waya kike yi a ɓoye, ke kuwa kina cewa a kan irinsu talaka zai duba, don haka a kansu za a gwada.

Gaskiya ɗaci gare ta. Da shafin ya zama kowa na ganewa, sai ya nuna ƙarara cewa ruwan masana'antar wani babban mutum ya faɗi gwaji. Shugabanki ya ce ki mayar da wannan sakamakon cikin tsohuwar takarda mai shafi ɗari biyu, ai ba a ɓoye ba. Kika ce masa, cikin ladabi, abin da aka ajiye inda mai shi ba zai kai ba, an ɓoye shi. Aka mayar da ke ɗakin ajiyar tsofaffin fayil wata takwas. A can muka ci gaba da zaman Alhamis, a kan kwalaye, kina tari saboda ƙura kina ba mu dariya. Da aka dawo da ke ba ki taɓa zagin shugaban naki ba, ko a bayan idonsa.

Aikinki na ƙarshe shi ne lambar wayar da wanda bai iya karatu ba zai kira ya ji bayanin ruwan unguwarsa da maganin da ke asibitinsu. Da ba a samu mai karantawa ba, muryarki kika naɗa. A wurin zaman makoki, abokan aikinki suka tambayi Inna, mahaifiyarki, ko a sauya muryar don kada ta riƙa tayar wa iyali da hankali. Ta ce, "Ku bar ta. Ni ma ina kira."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da maigidanki, da 'ya'yanki uku, da ƙannenki, da 'yan zaman Alhamis. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki. Yadda kika sauƙaƙa wa bayinSa hanya, Allah Ya sauƙaƙa miki taki, Ya shayar da ke ruwan Alkausara. Amin.