Fankar da Ba Ta Tsayawa Sai Ba Na Gida

A hunturun da surukina ya zo Greensboro, garin da muke zaune a ƙasar Turawa, ganin likitan ƙirji, ni na dage ya sauka a gidana. Yayan matata yana unguwar Glenwood, a wani ɗan gidan haya da ɗalibai ke tsalle a samansa, ya ce shi ya fi cancanta ya riƙe mahaifinsa. Na ce ina! Ni da na sayi gida a Pleasant Garden, mai fili har da itatuwa? Tsohon nan bai so ba ni 'yarsa ba tun farko, wai zan kai ta ƙasar sanyi ta wahala. To, ga ranar da zai gani da idonsa.

Abin taƙamata a gidan wani murhun ɗumama ɗaki ne da ke falo, mai cin ƙwayoyin garin katako masu kama da kashin awaki. Ka zuba masa buhu, shi zai riƙa ciyar da kansa, fanka kuma ta huro ɗumin cikin gida. Likita ya ce kada sanyi ya taɓa ƙirjin Baba. Na ce da matata ta faɗa masa ya kwantar da hankalinsa, don ni dai ba na iya doguwar magana da shi. Gaisuwa ce, kaina a ƙasa, in tashi.

Kwana huɗu da zuwansa na dawo daga siton da nake aiki a Wendover, matata ma tana wurin nata aikin, na tarar da gida kamar firji. Murhu a kashe, jar fitila tana ƙyafta mini ido, Baba a kujera cikin bargo biyu. Littafin murhun ya ce idan fanka ta tsaya, zafi yakan taru a ciki, sai ya kashe kansa don kada ya ƙone gidan. Madalla da wannan hankali. Na kunna shi, fanka ta tashi lafiya lau, kamar ba ita ba.

Washegari haka. Jibi ma haka. Amma ranar Asabar da Lahadi, da nake zaune a gida, ko tari ba ta yi ba.

Na zama injiniyan dole. Na kwance bayan murhun, na kwashe toka, na goge fukafukan fanka da buroshin haƙori, na ɗiga mata mai. Na kalli bidiyon wasu Turawa masu gemu sun kai ashirin, kowanne yana rantsuwa ya san matsalar, kuma babu biyu da suka faɗi abu ɗaya. Na canja ɗan ƙarfen da ke auna zafi. Na canja injin fankar gaba ɗaya, na yanke a yatsa. Duk wannan aikin ina yi ina zagi. Na zagi wanda ya ƙera ta, na zagi wanda ya sayar mini da gidan, na ce duk mai hannu a cikin wannan wulaƙanci ban yafe ba. Baba yana gefe yana jan carbi.

Yayan matata kuwa ya sami abin yi. Kullum sai ya bugo waya yana tambaya, cikin ladabi mai ciwo, ko babban gida ya yi ɗumi yau. Matata ta ce mini in ba a gyara ba zuwa ƙarshen mako, za ta kai Baba can, lafiyarsa ta fi girman kaina. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san gaskiya ta faɗa.

Ranar Alhamis aka ɗan yayyafa dusar ƙanƙara, wadda ba ta kai kaurin fatar albasa ba, sai garin nan ya ruɗe kamar kullum, aka sallame mu daga aiki da azahar. Na shigo ta ƙofar kicin. Shiru. Wuta na ci, fanka ba ta motsi. Na leƙa falo, sai ga Baba a kan darduma gaban murhu yana salla, yana karatu a hankali. Da ya idar ya daɗe yana addu'a, sannan ya miƙa hannu ya murɗa makunnin fankar ya mayar da shi daidai inda nake barinsa. Sai dai kafin nan murhun ya riga ya kashe kansa.

Ya juyo muka haɗa ido. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ya taɓa 'yar na'urar jin da ke kunnensa, ya ce in fankar tana juyawa, ƙara take zame masa a ciki, ko Fatihar bakinsa ba ya ji, shi ya sa yake kashe ta in zai yi salla. In ina gida kuma nauyina yake ji, sai ya haƙura ya yi sallar haka. Bai san shi ke kashe wutar ba sai da ya ji na fara zagi, daga nan kuma ta ina zai fara?

Na durƙusa na ce ya yafe mini, zan mayar masa da darduma ɗaki, in sayo hita marar ƙara, yau ɗin nan.

Ya ce, "Ba sanyi ba ne, ɗana. Gidanka ya yi, 'yata tana cikin rufin asiri, na gani. Amma wata guda ke nan, daga safe zuwa dare ba na jin muryar mutum, ba na jin kiran salla. Ita ma tawa muryar in rasa ta?"

Tun da na auri 'yarsa bai taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba.

Ranar Asabar ni da kaina na kai shi Glenwood, inda akwai 'yan Nijar uku a layin da ke tafiya masallaci a ƙafa. Na ɗauki akwatinsa na hau matakala, yayan matata ya buɗe ƙofa yana murmushi, ni kuma na gaishe shi.